JAN YAKUWA DA JAN KARAN DAFI

Ina yi muku barka da ƙoƙari, ku da kuka zauna kuka koyi karatu da girmanku, bayan gemu ya fito. Abin da za mu duba yau ba baƙo ba ne gare ku. Yana cikin gonarku, yana cikin tukunyar gidanku, yana kuma jikin kuben wuƙarku. Watau jan nan da mu ke gani a jikin tsire-tsire, kamar jan zoɓo, da jan karan dafi, da jan tohon mangwaro, da na ɓawon albasa. Mun saba ganinsa har ba mu tambayar inda ya fito. Amma mutumin da ya san halinsa ya iya karanta ciwon gonarsa a jikin ganye, ya kuma gane sa'ad da a ke neman cutarsa a kasuwa.

Ni aikina juya magana ne daga Turanci zuwa Hausa, na kuwa sha wuya wajen sunayen launi. Mu Hausawa mun ɗora wa kalmar "ja" kaya da yawa. Jini ja ne, goro ja ne, ƙasa ja ce, har mutum mai hasken fata ja mu ke ce masa. Akwai kuma launin da a ke kira shunayya, watau ja mai sirkin shuɗi, irin na furen ƙuduji. Ido yana ganin waɗannan duka kamar 'yan gida ɗaya. Amma kama da wane ba ta wane.

Ku dubi tukunyar miya. In an soya tumatur da attaruhu, man da ya taso sama shi ke ɗauke da jan, ruwan da ke ƙasa bai samu ba sai kaɗan. Jan tumatur da na barkono da na manja dangi ɗaya ne, mai su ke bi. Amma jefa zoɓo cikin ruwa, kafin ka juya ruwan ya rine. Jefa shi cikin man gyaɗa, man yana nan yadda ya ke. To, wannan dangi na biyu, mai bin ruwa, shi ne abin zancenmu. Jan alayyafo shi ma ruwa ya ke bi, amma gidansu dabam. Lalle da goro kuwa ko wanne da nasa asali, sai wata rana.

Ina jan nan ya ke zaune? In aka ɓare 'yar fatar jar albasa aka sa ƙarƙashin madubin likita, wanda ke girmama ƙananan abubuwa, sai a ga ashe 'yan ɗakuna ne jere kamar saƙar zuma. Cikin ko wane ɗaki akwai 'yar salka cike da ruwa, jan yana narke cikin ruwan salkar. Shi ya sa yanka, ko daka, ko ruwan zafi ke fid da shi, gama sun fasa bangon ɗakin. Koren ganye kuwa yana cikin waɗansu 'yan ƙwayoyi dabam, da shi ganye ke kama hasken rana ya yi wa itace abinci. Ganyen da kuka gani ja wur, shi ma da korensa a ciki, jan ne ya rufe shi.

Ga wani gwaji da ko wanenku zai iya yi yau da yamma, ba ya bukatar komi sai zoɓo cike da tafin hannu, da lemon tsami, da 'yar kanwa. A jiƙa zoɓon cikin ruwan zafi, a tace, a raba ruwan kashi uku cikin farin kwano ko kofin gilas, don launi ya fito sosai. Na fari a bar shi yadda ya ke. Na biyu a matsa masa lemo. Na uku a riƙa ɗiga masa ruwan kanwa kaɗan-kaɗan ana motsawa. In ba kanwa, ruwan toka ya yi. Na biyun nan zai ƙara haske. Na uku kuwa zai dushe, ya koma shunayya, in an ƙara kanwa ya yi shuɗi mai duhu, ya zarce kore-kore kamar ruwan kududdufi. Kada a zubar tukuna. A matsa masa lemo da yawa, sai ka ga ja ya komo kamar an kira shi da suna. Amma in aka bar shi ya kwana cikin kanwa, to, ya lalace ke nan, lemo ba ya ta da shi kamar da.

Kun ga abu guda ne, riga kawai ya ke sauyawa. Cikin tsami ya sa ja, cikin kanwa ya sa shuɗi ko kore. Ita yakuwa da ma mai tsami ce, tsaminta shi ke riƙe jan zoɓo da haskensa. Uwata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa karanta harafi ba, amma ba ta yarda ludayin da ya taɓa ruwan kanwa ya shiga ƙwaryar zoɓo. Ta san abin da zai faru, dalilin ne ba a gaya mata ba.

Turawa ma ba su rigaye ta da sanin dalili da nisa ƙwarai ba. Cikin shekarar 1664 wani masani a Ingila, sunansa Robert Boyle, ya buga littafi a kan launi. A ciki ya bayyana yadda ruwan wani ɗan fure mai launin shunayya ke zama ja in ya gamu da tsami, ya zama kore in ya gamu da dangin toka. Tun daga nan masana suka sami hanyar gane ko ruwa mai tsami ne ko mai kanwa, ba tare da sun ɗanɗana ba. A 1835 wani mai haɗa magunguna a Jamus, Marquart, ya raɗa wa abin suna daga harshen Yunanawa, sunan da a ke faɗi yau antosayanin, ma'anarsa shuɗin fure. Sa'an nan a 1913 wani Bajamushe kuma, Richard Willstätter, ya tace shi tsantsa daga wani shuɗin fure mai tsirowa cikin gonakin alkama. Bayan shekara biyu ya tace na jan wardi, ya tarar abu ɗaya ne da na shuɗin furen nan. A 1915 aka ba shi kyautar Nobel sabo da aikinsa a kan launin tsire-tsire. Shi ya zaci bambancin tsami ne kaɗai ya raba furannin biyu. Waɗanda suka zo bayansa suka gane ba nan ta tsaya ba: a cikin shuɗin furen launin ya kama ɗan burbushin ƙarfe ne ya riƙe, shi ya mai da shi shuɗi. Yau an ƙidaya iri fiye da 600 a cikin wannan dangi.

Wannan zance na ƙarfe ku riƙe shi, gama yana da amfani a madafa. Zoɓon da aka dafa cikin tukunyar baƙin ƙarfe mai tsatsa, ko aka bari cikin gwangwani, ya kan dushe ya yi toka-toka. Doguwar tafasa ma tana kashe shi, haka kuma rana in ta daɗe tana dukansa.

To, me itace ke yi da launin nan? Ai ba domin mu ya ke yinsa ba. A fure, kiran ƙudan zuma ne da sauran ƙwari, su zo su sha zaƙi su kai garin fure daga wannan zuwa wancan. A 'ya'yan itace, kiran tsuntsu ne da dabba, su ci su kai iri nesa. Shi ya sa ɗanye ke ɓuya cikin kore, sai ya nuna ya ke shelar kansa. A ganye kuwa yawanci laima ce. Ku dubi mangwaro in ya yi sabon toho, ganyen ja-ja, laushi kamar tsumma, yana rataye. Bai yi ƙwarin da zai ɗauki zafin rana ba tukuna, jan yana tare masa wani kashi na hasken. In ya ƙosa sai jan ya janye, kore ya bayyana.

Yanzu ga inda na ke so manoman cikinku su kasa kunne. Wani lokaci masara tana ƙarama, ba ta kai gwiwa ba, sai ka ga gefen ganyayenta na ƙasa ya rine shunayya, ita kuma ta tsaya ba ta girma. Waɗansu su ce sammu ne, waɗansu su ce iri ne ya lalace. Ga abin da ke faruwa. Ganye yana nan yana yin sukari da hasken rana, amma shukar ta kasa kai sukarin inda za a yi gini da shi, sai ya taru cikin ganye. Launin nan kuwa da sukari a ke ƙera shi, sabo da haka in sukari ya yi yawa sai ganye ya rine. Babban abin da ke kawo haka shi ne ƙarancin wani abincin shuka da a ke kira fosfaras, wanda ke cikin takin nan da manoma ke kira supa, akwai shi kuma cikin kashin kaji da takin gida. Ƙasarmu ta arewa da yawa tana da ƙarancinsa.

Amma kada mutum ya ga shunayya ya ruga ya ci bashin taki. A duba tukuna. Masarar rani ta kan yi haka cikin sanyin hunturu, domin saiwa ba ta jan abinci sosai in ƙasa ta yi sanyi, in gari ya ɗumama ta warware da kanta. Ƙasar da ruwa ya kwanta a kanta, ko wadda ta taurare saiwa ta kasa shiga, ita ma tana kawo haka. Akwai kuma irin masarar da jininta ke nan, karanta shunayya ne ko da ta ƙoshi. Abin lura shi ne girma. In ta rine tana kuwa girma, ƙyale ta. In ta rine ta tsugune, ba sanyi, ba ruwa kwance, to, yunwa ce, a tuna da ita tun wajen gyaran gona baɗi, gama wannan taki ya fi aiki in an sa shi kusa da saiwa tun lokacin shuka.

Dawa kuwa da nata hali. Ku tsaga karan da tsutsa ta huda, za ku ga hanyar tsutsar ta yi ja. Ku dubi ganyen da cuta ta kama, ko wane tabo da jan zobe kewaye da shi. Wannan ja makami ne. In an ji wa dawa ciwo sai ta tara shi a bakin raunin, yana hana ƙwayar ruɓa yaɗuwa. Kakanninmu suka lura da wata irin dawa wadda ke tara jan nan da yawa cikin kuben ganyenta, ko ba a taɓa ta ba. Suka ware ta suna shukawa, ba don tsaba ba, don rini. Ita ce karan dafi.

Jan karan dafi ɗan'uwan jan zoɓo ne, amma ya fi shi taurin rai. Zafin wuta ba ya kashe shi da sauri, kanwa kuma ba ta ɓata shi. Hasali ma cikin tsami ya fi kusa da ruwan goro, kanwa ce ke fito da shi ya yi ja mai duhu. Shi ya sa masu aikin fata, bayan majema sun jeme ta da bagaruwa, su kan daka karan dafi su kwaɓa da ruwan toka ko na kanwa, su shafa, sa'an nan su bi da ruwan tsami don launin ya yi haske. Abin da ke kashe zoɓo shi ke raya karan dafi, su kuwa dukawa sun daɗe da sanin haka.

Wannan ja ya yi tafiya. Baturen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, da ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa jajayen fatun da a ke rinawa da ruwan karan dawa ana kai su da yawa har Tarabulus. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi ta ƙetare hamada bisa raƙuma, ta shiga jirgi a gaɓar arewacin Afirka, Turawa suka rufe manyan littattafansu da ita suna kiranta fatar Maroko. Mu da aiki, wani da suna.

Ya shiga tukunya kuma. Wanda ya taɓa zuwa Kumasi ko Tamale a ƙasar Gana ya ga shinkafa da waken da a ke sayarwa da safe, ja-ja mai duhu, suna kiranta waakye. Sunan nan waken Hausa ne ya sha bakin mutanen can, abincin ya bi fatake da mazauna zango. Busasshen ganyen jar dawa a ke jefawa cikin tukunyar, da 'yar kanwa. Garau-garau ce dai ta sami riga.

Akwai wata magana da na ke so in faɗa muku a fili, ko da ba za ta yi wa waɗansu daɗi ba. Mutane da yawa suna jiƙa karan dafi ko zoɓo su ba mara lafiya, wai yana ƙara jini, don sun ga ja ne. Jan jini ba wannan ba ne. Jini yana samun jansa daga wani abu mai ƙarfe a ciki, jiki ne ke ƙera shi daga abinci irin su hanta, da nama, da kifi, da wake, da ganye. Launin da ke cikin ƙoƙo ba ya juyewa ya zama jini. In matarka tana da ciki, ka ga cikin fatar idonta ya yi fari, tafin hannunta ya koɗe, tana haki in ta ɗan yi tafiya, kada ka tsaya ga jiƙo. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ne manyan ɓarayin jini, jiƙo kuwa ba ya kama ko ɗaya cikinsu. Kai ta asibiti a auna.

Ba na ce zoɓo ba shi da amfani ba. An gwada shi a Amurka, aka buga sakamakon a 2010. Mutum 65 masu hawan jini wanda bai yi tsanani ba aka raba kashi biyu, waɗansu suna shan kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, sauran suna shan wani ruwa mai kama da shi. Masu zoɓo awonsu na sama ya sauka da wajen maki 7, sauran kuwa da wajen maki 1. Taimako ne, ba kaɗan ba, amma bai isa mutum ya ajiye ƙwayar da likita ya ba shi ba. Kuma in an cika shi da sukari har cokali ya tsaya, an ba da da hannun dama an karɓe da hagu.

Saura zancen kasuwa. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Landan, sunansa Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓi, daga abin da a ke tacewa cikin kwaltar gawayin ƙasa. Kwinin bai samu ba, sai wani baƙin dalaki a gindin kwalba, wanda da ya wanke shi ya ga ya rina tufa shunayya mai kyau. Daga nan aka buɗe ƙofar rinin masana'anta. A 1897 Jamusawa suka fito da shunin da ba a yi da baba ba. Galura ta cika kasuwanni, ga araha, ga haske, ba daka, ba jiran kaka. Dukawa da yawa suka koma gare ta, ban kuwa ga laifinsu ba, kowa yana son sauƙi.

Laifin yana wurin wanda ya ɗauki rinin tufa da na fata ya zuba cikin abin ci. Akwai launin abinci na masana'anta wanda hukuma ta auna ta yarda da shi, wannan dabam. Amma akwai wani jan rini da a ke kira Sudan, suna ne kawai, ba ruwan mutanen Sudan da shi. An yi shi don rina mai, da kakin goge takalma, da irinsu, an kuwa ga yana jawo ciwon daji ga dabbobin da aka gwada shi a kansu. A 2003 aka kama shi a Faransa cikin garin barkonon da ya fito daga Indiya. A 2005 aka janye kayan abinci fiye da iri 500 daga kantunan Ingila sabo da shi. A 2015 hukumar abinci ta Gana ta same shi cikin manjan da a ke sayarwa a kasuwannin babban birninsu. Me ya sa a ke zuba shi? Domin mu masu saye ido mu ke bi, wanda ya fi ja shi mu ke miƙa wa kuɗi.

Zoɓo ma bai tsira ba. Mai son riba ya kan jiƙa kaɗan, ya cika da ruwa, ya rufe ƙaryarsa da garin launi. A nan gwajinmu na ɗazu zai yi muku aiki. Zuba kaɗan a murfin kwano, ɗiga masa ruwan kanwa. Zoɓon gaske zai dushe ya juya nan take. Mai garin launi kuwa galibi yana nan ja, ko a jikinsa. Dubi harshen yaron da ya sha kuma: jan zoɓo kurkura ɗaya ya tafi, na gari ya kan daɗe.

Manja da garin barkono kuwa kanwa ba ta tona asirinsu, gama jansu na dangin mai ne, ba ya sauya riga. Ido ma ba ya rabewa, sai ɗakin awo na hukuma. Abin da ya rage wa mai gida shi ne ya sayi manja wurin wanda ya sani, ya yi shakkar wanda jansa ya wuce kima, barkono kuwa ya saye shi ɗungum busasshe, a daka a gida.